Yadda za ka nazarci wasan daɓe a kan uwa mai rainon 'ya mai otizim

Idan malami ya ba ka aikin nazarin wasan kwaikwayo na daɓe da aka gina a kan uwa da 'yarta mai lalurar otizim, wanda a rediyo za ka ji ana cewa galahanga, ko kuma kai ne da kanka ka kalla ya tsaya maka a rai kana so ka yi rubutu a kai, to abu na farko shi ne kada ka bari hawaye su yi maka nazarin. Irin wannan wasan yana da saurin sa mutum kuka, ga uwa ga wahala ga rashin barci ga gorin dangin miji, kana fitowa daga zauren abin da ke bakinka kawai Allah sarki uwa, kuma da yawa a nan suke tsayawa, sai ka ga an cika shafi biyar da yabon haƙurin uwa amma yarinyar da saboda ita aka shirya wasan ko layi uku ba ta samu ba. Ni a wurina tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce, yarinyar nan mutum ce a cikin wasan, mai abin da take so da abin da ba ta so, ko kuwa an ajiye ta ne kawai don a auna haƙurin uwarta da ita? Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanyar samo amsar wannan tambayar ce.

Ka san lalurar tukuna

Ba za ka iya cewa 'yar wasa ta yi daidai ko ta kauce ba in kai ma ba ka san abin da take kwaikwaya ba. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana taɓa yadda mutum ke mu'amala da mutane da yadda yake magana da yadda yake jin ƙara da haske da taɓawa, alamunsa kan bayyana tun yaro bai kai shekara 3 ba kuma yana tare da mutum har tsufa. Ba hauka ba ne, ba shi ne lalurar Down da ake haihuwar yaro da ita har a gane ta a kamannin fuska ba, ba kuma shanyewar gaɓoɓi ba ne, kuma wannan ka riƙe shi da kyau saboda masu shirya wasa da yawa suna haɗa su duka a jikin yarinya ɗaya, a sa ta tana dalalar da yawu tana jan ƙafa tana dariya ba dalili, a ce wai otizim ke nan. In ka ga haka ka rubuta shi a matsayin rauni a wasan, ba tare da kunya ba.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. Kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai wadda ba ta magana kwata-kwata sai an yi mata wanka an ba ta abinci, akwai wadda take jami'a tana cin jarrabawa amma hayaniyar aji tana hana ta sukuni, shi ya sa tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka haɗa rabe-rabensa a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai. Saboda haka kada ka ce yarinyar wasan ba ta yi kama da 'yar maƙwabtanku mai otizim ba don haka ƙarya ne. Abin dubawa shi ne ko halinta ya tsaya a kan ƙafa ɗaya daga farko har ƙarshe. Wadda ta toshe kunne don ƙarar injin markaɗe a fitowa ta farko, in aka ga tana zaune lafiya lau a gaban lasifikar biki a fitowa ta biyar ba tare da wani bayani ba, to darakta ya manta da ita ne.

Kasancewarta mace ma abin nazari ne babba. Ana gano lalurar a jikin maza fiye da mata, kusan ninki huɗu, tun ma rahoton farko da likita Leo Kanner ya fitar a 1943 a kan yara 11, takwas maza ne uku mata. Wani ɓangare na dalilin shi ne 'yan mata da yawa suna ɓoye abin, suna kwaikwayon yadda sauran yara ke yi, ga shi kuma a wurinmu yarinya mai shiru wadda ba ta kallon idon mutane ba ta son shiga taro yabonta ake yi a ce mai kunya ce. To ka duba ko marubucin ya san da wannan, ko kuwa ya ɗauki halin yaro namiji ne ya ɗaura masa ɗankwali. Ka duba ko wasan ya taɓo abubuwan da ke hana uwar 'ya mace barci, balaga da fara al'ada, tsoron kada wani mara imani ya cuce ta don ya san ba za ta iya faɗa ba, maganar aure, da kuma tambayar nan ta wa zai riƙe min ita bayan raina.

A cikin zaure

Wasan daɓe ba fim ba ne, ba ka da damar mayar da shi baya, in abu ya wuce ya wuce. Ka shiga da ƙaramin littafi da biro, kuma in da hali ka kalla sau biyu. A kallon farko ka bi labari kamar kowa. A na biyu ka kafe idonka a kan yarinyar kaɗai, musamman lokacin da ba ita ke magana ba, lokacin da uwa da uba ke faɗa ko uwar miji ta zo tana zuba. Me take yi a lokacin? Tana jera murafen kwalba, tana kaɗa hannu, tana matsawa bayan kujera in murya ta ɗaga, ko kuwa 'yar wasan ta tsaya ƙiƙam tana jiran a zo layinta? Wannan kallon na biyu shi ke ba ka rabin nazarinka wallahi. Ka kuma canza wurin zama, don abin da na gaba ke gani daban da na gefe, balle in a buɗaɗɗen fili ne irin Drama Village na ABU Zariya inda babu labule babu wurin ɓuya.

Ka riƙa lura da tazarar da ke tsakanin uwa da 'ya a kan dandamali. Wa ke matsowa kusa da wa, wa ke ja da baya, sau nawa suka taɓa juna kuma wa ya fara. Yara masu otizim da yawa ba sa son runguma, to darakta mai basira zai nemo wata hanyar da zai nuna ƙauna, misali yarinyar ta zo ta zauna ta juya wa uwar baya amma gefen zaninta na taɓa ƙafarta, ko ta miƙo mata abin da ba ta yarda kowa ya taɓa. In ka kama irin wannan ka rubuta fitowar da abin ya faru, hujja ce mai ƙarfi. In kuma wasan ya ƙare da yarinyar ta rugo da gudu ta rungume uwa ta ce Umma ina sonki bayan awa biyu ba ta ce uffan ba, ka tambayi kanka don wa aka yi wannan, don gaskiyar yarinyar ko don a samu tafi.

Haske da sauti kuma ka tambaya da kunnen wa muke ji. Akwai daraktocin da ke ƙara ƙarar fanka ko jenareto ko cokali a kan kwano har 'yan kallo su takura, don su ɗanɗana mana yadda duniya take a kunnen yarinyar. In an yi haka, wasan ya shigar da mu cikinta ke nan. In kuwa kiɗan tausayi kawai ake sakawa duk lokacin da uwa ta yi tagumi, to a gefen uwa aka ajiye mu, yarinyar daga nesa muke hango ta. Ba laifi ba ne wasa ya zaɓi idon uwa, amma aikinka ne ka faɗi cewa ya zaɓa, ka kuma faɗi abin da aka rasa saboda zaɓin.

Fitowar da za ka fi daɗewa a kanta ita ce wadda yarinyar ta birkice, don kusan kowane wasa irin wannan yana da ita. Wannan birkicewar ba rigimar shagwaɓa ba ce ta yaron da ke son alawa, abubuwa ne suka taru suka yi mata yawa kamar tukunyar da aka yi ta tura wa wuta har ta yi bori. Saboda haka ka koma baya ka nemo wutar. An canza mata hanyar makaranta ne, an sa mata sabon leshi mai ƙaiƙayi, baƙi sun cika gidan, an ɗauke abin da take riƙewa? Wasan da ya nuna musabbabi ya girmama ta. Wanda ya sa ta fara ihu da fashe-fashe haka kawai don a tsorata 'yan kallo ya mayar da ita dodo. Sannan ka duba abin da manya suka yi, in an danne ta a ƙasa ko an ɗaure ta ko an kulle ta a ɗaki, shin wasan ya nuna wannan cutarwa ce ko ya wuce kamar shi ne magani? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai iyaye a cikin 'yan kallo da za su koma gida da abin da suka gani.

Uwar

Yanzu ita uwar. Tarko biyu ne marubuta ke faɗawa, ko su mayar da ita waliyyiya da ba ta gajiya ba ta fushi, ko su ɗora mata laifin lalurar. Na biyun yana da dogon tarihi da ya kamata ka sani. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta yaɗa cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna ke jawo otizim, wani masanin halayyar ɗan Adam Bruno Bettelheim na Chicago ya fi kowa tallata wannan ra'ayin, iyaye mata suka sha baƙin ciki a banza, har sai da irin su Bernard Rimland, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, wanda shi kansa ɗansa na da lalurar, ya fito a 1964 ya kawo hujjar cewa abin daga halittar ƙwaƙwalwa ne. Yau an san gado yana da babban hannu a ciki, daga ɓangaren uwa ko na uba. A wasan Hausa zargin kan zo da wata riga, uwar miji ta ce mu dai ba mu da wannan a jininmu, ko a ce ta yi wanka da magariba tana da ciki, ko ta tsallake wani abu, ko kishiya ce ta yi mata sammu. Ba matsala ba ne a sa waɗannan maganganun a bakin 'yan wasa tunda ana faɗarsu a gidaje kullum. Abin da za ka bincika shi ne matsayin wasan kansa, ya ƙaryata su ko ya gaskata su. In a ƙarshe aka tono laya a bayan ɗaki yarinya ta warke sarai, wasan ya gaya wa kowace uwa da ke zaune a wurin cewa ta je ta nemi wanda ya yi mata asiri, kuma wannan dole ka faɗe shi ƙarara.

Haka maganar allurar rigakafi. In wani a wasan ya ce tun da aka yi mata allura ta daina magana, ka sani asalin wannan zancen wata takarda ce da likita Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 1998 a kan yara 12, mujallar ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisinsa na likita a Birtaniya a shekarar, kuma manyan binciken da aka yi bayan nan ba su samu wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafi ta jawo lokacin foliyo a 2003 bai kamata mu bar irin wannan layin ya wuce a nazari ba tare da mun yi magana ba.

Addu'a da neman sauƙi wurin Allah kam wani abu ne daban, uwa Bahaushiya da ba ta tashi da dare tana kai kukanta ba ma ba za ta yi kama da gaske ba. Abin lura shi ne ko wasan ya haɗa addu'ar da neman sani, zuwa asibiti, mai koyar da magana, makarantar da za ta karɓe ta, ko kuwa ya nuna ɗaya na kore ɗaya.

Uwar da aka rubuta da kyau za ka ga tana son 'yarta kuma tana gajiya da ita a rana ɗaya. Tana iya daka mata tsawa ta koma bayan ƙofa ta yi kuka, tana iya jin kishin ƙawarta da 'yarta ta yi saukar Alƙur'ani, tana iya daina zuwa biki da suna don ta gaji da kallon da ake musu. Ka nemi abin da take so wa kanta wanda ba shi da alaƙa da yarinyar, sana'arta, karatunta, aurenta. In babu ko ɗaya to ita ma ba a ba ta cikakken mutum ba. Ka kuma ƙirga waɗanda ba sa nan, ina uban yake, ina sauran 'ya'yan, wa ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Najeriya tana da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, to in hedimasta a wasan ya kori yarinya don lalurarta, kana da abin da za ka auna fitowar da shi.

Akwai wani wasa da zai taimaka maka wajen kwatance, sunansa Lucy, na marubucin Kanada Damien Atkins, an fara nuna shi a Toronto a 2007. Uwar, Vivian, masaniyar asalin ɗan Adam ce da ba ita ta raini 'yarta Lucy ba, sai da yarinyar ta kai shekara 13 uban ya kawo mata ita. Abin da ya sa na kawo shi, uwar ba waliyyiya ba ce ko kaɗan, ita kanta ba ta son shiga mutane, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta fara kallon 'yar a matsayin hujjar wani ra'ayinta na ilimi cewa masu otizim su ne mataki na gaba na ɗan Adam. Ka ga a nan ko ƙauna ma tana iya rufe wa uwa ido ta daina ganin yarinyar da ke gabanta. Sannan marubucin ya bar Lucy tana juyowa ta yi wa 'yan kallo magana kai tsaye da harshe mai tsari wanda ba ta da shi a gaban iyayenta. Wannan dabarar ka auna ta ta fuska biyu in ka gamu da irinta, tana ba yarinya murya, amma kuma muryar ta marubuci ce, kuma tana iya sa mu ɗauka cewa sai mai iya zuba zance ne ke da tunani.

Wa ya hau matsayin yarinyar

Ka bincika wannan, ka tambayi darakta in ka samu dama. 'Yar wasan tana da otizim, ko ta zauna da masu shi da iyayensu kafin a fara gwaji, ko a bidiyon intanet kawai ta kwaso motsin hannu? A 2019 an yi babbar taƙaddama a Landan kan wasan All in a Row da aka nuna a gidan wasa na Southwark Playhouse, inda aka yi amfani da 'yar tsana a matsayin yaro mai otizim alhali iyayensa mutane ne ke wasan, masu lalurar da yawa suka ce an cire su daga sahun mutane, babbar ƙungiyar masu otizim ta Birtaniya ma ta ce ba ta goyon bayansa. Ko ba 'yar tsana a wasan da kake nazari, tambayar tana nan. Ka saurari dariyar 'yan kallo ma, a ina suka yi ta, da yarinyar ake dariya ko ita ake yi wa. Mun saba da wasan barkwanci da ke mayar da mai lalura abin dariya, kuma wani lokacin darakta bai yi niyya ba amma 'yar wasa ta ji zaure ya ɗauka sai ta ƙara gishiri. Ka kuma duba ko an yi tanadin da mai otizim zai iya zama ya kalla, a Ingila gidajen wasa da yawa suna ware rana ta musamman da ake rage ƙara da walƙiyar fitilu a bar mutum ya fita ya dawo yadda yake so.

Rubutawa

Tsarin da aka koya mana a aji yana nan, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, 'yan wasa, ba sai na tsaya a kansu ba. Ka fara da sunan wasa da marubuci da darakta da wuri da ranar da ka kalla, ranar tana da muhimmanci don wasan daren Juma'a ba lallai ya zama daidai da na Asabar ba. Taƙaita labari a sakin layi ɗaya ya isa. Wajen jigo ne nake roƙonka kada ka rubuta haƙuri ka yi shiru, haƙuri da me, wa ya ɗora mata, wa ya amfana da shirunta? Jimla irin "wasan ya nuna cewa abin da ya fi gajiyar da uwar ba 'yarta ba ce, mutanen gidan ne" ta fi amfani nesa ba kusa ba, don ana iya kawo mata hujja daga fitowa kaza da kaza, ana kuma iya musanta ta. Ita kuwa "wasan ya faɗakar ya ilimantar ya nishaɗantar" ba ta ce komai ba, ka bar ta.

Wajen harshe ka tattara sunayen da ake kiran yarinyar da su a wasan, wa ke kiranta da sunanta na yanka, wa ke cewa yarinyar nan, wa ke cewa doluwa ko mahaukaciya, kuma ana magana da ita ne ko a kanta ake magana tana zaune. In tana maimaita maganar da aka faɗa mata, wanda hali ne sananne a masu otizim, ka duba ko maimaicin na ɗauke da ma'ana, sau da yawa layin da ta ɗauko daga talla ko daga bakin uwarta shi ne hanyarta ta cewa ina jin tsoro ko ina jin yunwa. Kai kuma a naka rubutun ka kira ta da sunanta, munanan kalmomin ka bar su a bakin waɗanda suka faɗa.

Kafin ka miƙa wa malami ko ka saka a Facebook, in ka san wata uwa da ke cikin wannan rayuwar, ko wani babba mai otizim, ka ba su su karanta ko ka karanta musu, ka tambaye su inda wasan ya faɗi gaskiya da inda ya kauce. Ka nemi izini kafin ka saka maganarsu, kuma kada ka ambaci sunan yarinyarsu ko unguwarsu ko makarantarta. In ana shirin sake nuna wasan, musamman wajen 2 ga Afrilu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don otizim tun 2007, ka tura wa darakta kwafi tun ana gwaji, lokacin da zai iya gyara fitowar ɗaurewa ko ta warkewar dare ɗaya kafin a sake hawa dandamali.